Yadi goma a birnin ƙarfe

Mutum-mutumi biyu ne suka fara tarbata a filin jirgin saman Pittsburgh da ke Amurka, tun kafin in ga fuskar Yaya. Ɗaya George Washington ne yana matashi, cikin kayan soja. Ɗayan wani ƙaƙƙarfan mutum ne da baƙar riga mai lamba 32 da hular kwano, ya sunkuya yana cafe wata ƙwallo mai siffar gwanda dab da ƙasa. Sunansa Franco Harris, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, cafewar kuwa ta faru ne ranar 23 ga Disamba, 1972, kuma har yau mutanen garin suna ba da labarinta kamar jiya aka yi. Garin da ya jera ɗan ƙwallo kafaɗa da kafaɗa da shugaban ƙasarsa na farko ai ya gama gaya maka halinsa tun daga bakin ƙofa.

Watan Nuwamba ne na 2023. Bikin babbar 'yar Yaya ya kai ni, kuma ni aka ɗora wa ɗinkin gida gaba ɗaya, domin ni tela ne, na fi shekara 20 a kan keke a Fagge. Na taso daga Abuja, na yada zango a Landan, na sauka da akwati biyu, ɗaya da rabi duk kayan biki. Yaya ya fi shekara 25 a garin, yana aikin haɗa magunguna a wani asibiti. Shi da ɗansa suka zo ɗaukata, yaron ne ke tuƙi.

Hanyar shiga gari ta cikin dutse take. Akwai wani dogon rami da aka fasa, ana ce masa Fort Pitt, mota ta shige ka yi ta tafiya ba ka ganin komai sai bango da fitilu. Kana fitowa sai gari ya faɗo maka a ido gaba ɗaya: dogayen gine-gine, gadoji masu launin rawaya, ga koguna biyu, Allegheny da Monongahela, suna haɗuwa su zama kogin Ohio. Na ce Masha Allah da ƙarfi. Yaron ya nuna mini wani katafaren fili can hagu a bakin ruwa, ya ce, "Baffa, can za mu kai ka ranar Lahadi."

Rediyon motar kuwa tun daga filin jirgi bai yi shiru ba. Mutane ne ke bugo waya, kowa a fusace, kuma kalma ɗaya ke ta dawowa: Canada, Canada. Na tambayi Yaya me ƙasar Kanada ta yi musu da zafi haka. Ya ce, "Ba ƙasa ba ce, Auta, mutum ne, Matt Canada. Shi ne mai tsara harin ƙungiyar Steelers, garin nan kaf so suke a kore shi." Yaron ya ce, "Kuma da gaskiyarsu." Yaya ya ce, "Kai dai duba hanya." Steelers ɗin nan ita ce ƙungiyar ƙwallon garin. Daga nan na gane na sauka a tsakiyar wata gardama da ta daɗe a gidan, kuma ban fita daga cikinta ba har na bar ƙasar.

Washegari na buɗe akwati aka shiga gwaji. Na Yaya ya zauna daram, na matarsa haka. Kaftanin yaron ne ya ƙi: kafaɗa ta matse, hannu ya ɗage. Awon da aka turo mini ta waya na shekara biyu baya ne, shi kuwa a tsakani ya shiga ɗaga ƙarfe. Allah Ya sa ɗabi'ata ce in bar saura a cikin ɗinki, don haka akwai abin saki. Ina zaune a ƙasa ina farke gefen rigar da reza, shi kuma ya ɗauki tef ɗina ya shimfiɗa a kan kafet ya fara koya mini wasan.

Abin da ya fara kama ni shi ne da yadi suke lissafi, kamar mu. Filin yadi 100 ne. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama 4 ta ci yadi 10 gaba. In ta ci, a sabunta mata wasu 4, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Yadi 10, shaddar babbar riga da 'yar ciki da wando ke nan, tsawon da nake warewa a kan tebur kullum, amma a nan ƙarti 22 ne ke gwabzawa a kansa. Wanda ya kai ƙwallo gidan ƙarshe ya ci maki 6, wanda ya buga ta ta tsakanin sanduna ya ci 3. Kuma wasan ba ya gudana kamar tamaula irin tamu. Bayan kowane yunƙuri tsayawa ake yi a sake shiri, kowane yunƙuri da dabararsa, an rubuta ta, an raɗa mata suna, an haddace: wane zai ruga ina, wane zai tare wa, jefa ƙwallo za a yi ko miƙa wa mai gudu.

Mutum biyu ke riƙe da wannan al'amari. Akwai mai tsara hari, da faffaɗar takarda a hannu yana zaɓar dabara. Sai kwatabak, wato mai jifa, wanda ƙwallo ke fara shiga hannunsa. A cikin hular kwanonsa akwai 'yar lasifika. Sakan 40 ake ba su tsakanin yunƙuri da yunƙuri, koci yana magana a kunnensa, in ya rage sakan 15 sai a datse layin. Daga nan shi kaɗai ne, da abin da aka faɗa masa da abin da idonsa ke gani, ga ƙarti a gabansa suna jiran su danne shi. Datse layin nan ya tsaya mini a rai. Duk gardamar garin a kansa take: in abu ya lalace, laifin muryar da ta yi magana ne, ko na wanda aka bari cikin shiru?

Mai jifan Steelers a lokacin Kenny Pickett ne, ɗan shekara 25. Ɗan jihar New Jersey ne, amma kaka 5 ya buga wa Jami'ar Pittsburgh, inda yaron Yaya ke karatu, kuma fili ɗaya jami'ar da Steelers ke wasa a ciki. Yaron yana shekararsa ta farko a 2021 lokacin da Pickett ya yi jifan ci 42, wato jifan da ya kai ƙwallo gidan ƙarshe, ya kai jami'ar ga kofin rukuninsu na ACC, ya karya tarihin da Dan Marino ya kafa. Sunan Marino kuwa miki ne a garin. Haifaffen Pittsburgh ne, a jami'arsu ya yi wasa, amma a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1983 Steelers suka tsallake shi, Miami ta ɗauke, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen masu jifa da aka taɓa yi. Shi ya sa da tsohon mai jifansu Ben Roethlisberger ya yi ritaya bayan kaka 18, Steelers suka ɗauki Pickett a lamba ta 20 a zaɓen 2022, mutane suka ji kamar an biya wani tsohon bashi.

Yaron ya ce tun kafin a ɗauke shi masu sharhi ke kushe shi, wai hannunsa ƙarami ne, inci 8 da rabi daga babban yatsa zuwa ƙarami. Na ware tafina a kan tef, inci 9 ya ba ni. Na ji tausayin mutumin da ake tattauna awon tafin hannunsa a rediyo. Mu a sana'armu awon mutum sirri ne tsakaninsa da telansa.

Ranar Lahadi, 12 ga Nuwamba, Green Bay Packers suka zo. Muka ajiye mota a tsakiyar gari muka shiga jirgin ƙasa na cikin birni, wanda ke bi ta ƙarƙashin kogin Allegheny, kuma kyauta. Kowa a ciki baƙi da rawaya ya sa. Tsofaffin mata, ƙananan yara, wani dattijo a keken guragu, kowa da ɗan tawul rawaya a kafaɗa ko a aljihu. Yaya ya saya mini nawa. Wani mai sharhin rediyo, Myron Cope, ya ƙirƙiro shi a 1975, daga baya ya sadaukar da ribarsa ga makarantar masu naƙasa da ke kula da ɗansa. A wuraren ajiye motoci an kafa murhu ana gashi tun safe, hayaƙi ya turnuƙe, yawanci naman da ba ma ci ne, ga giya, don haka muka raɓe gefe. Azahar ta shiga jim kaɗan bayan sha biyu. Yaya ya zaro 'yar sallayar leda daga aljihun kwat, muka yi tamu a bayan wata mota. Wani Bature da ke juya nama kusa da mu ya rage sautin kiɗansa har muka idar. Bai ce mana komai ba, mu ma hannu kawai muka ɗaga masa.

Filin yana ɗaukar mutum fiye da 68,000. Tun 2022 sunansa Acrisure, amma duk wanda na ji ya ambace shi Heinz Field yake cewa, tsohon sunansa. Kujerunmu can sama suke, iskar kogi tana shigowa ta ƙasan wando. Da 'yan wasa suka fito, tawul dubu sittin da wani abu suka tashi suna juyawa lokaci guda, na ji tsikar jikina ta tashi.

An fara da kyau. Karo biyu na farko da suka riƙe ƙwallo duk sun kai ta gida, Najee Harris ya ci, Jaylen Warren ya ci, dukansu da gudu. Daga nan abu ya fara ja da baya. A damana wata tsohuwa ce da bargo a gwiwa, ta ce wa yaron kujerar gado ta yi daga mahaifinta. Kafin a fara yunƙuri sai ta faɗi wata magana a hankali, ba ta ma kallonmu. Yaron ya raɗa mini, "Baffa, cewa take yi gudu za a yi ta dama." Aka yi gudu ta dama. Ta sake magana, ya ce, "Gajeren jifa zuwa gefe." Haka aka yi, aka ci yadi 3 inda ake neman 8. Ba kowane lokaci take dacewa ba, amma ta dace fiye da yadda ya kamata tsohuwa a saman fili ta dace. Yaron ya leƙa ta gabana ya dubi ubansa, ya ce, "Abba, in ita ta sani, kocin Green Bay bai sani ba?" A bayanmu wani ya miƙe ya kwarma ihu, "A kori Canada!" Wasu suka amsa masa.

Can kuma sai Yaya ya damƙi hannuna. Pickett ya karɓi ƙwallo, masu tare masa suna tsaye daram, babu wanda ya kusance shi, amma ya juya ya ruga gefe, ya ƙare da jefar da ita waje. Yaya ya nuna tsakiyar fili: "Auta, ka ga wancan? Shi kaɗai yake, har hannu yake ɗagawa. Canada ne ya rufe wa yaron ido?" Na gani kuwa. Daga sama komai a fili yake, abin da wanda ke ƙasa ba shi da shi.

Steelers suka ci 23 da 19. Da gudu sun ci yadi 205, jifan Pickett kuwa duka-duka yadi 126. Masu tsaron baya ne suka ceci wasan, sau biyu suna sace jifan Jordan Love, mai jifan Green Bay, a ƙarshe-ƙarshe, na biyun a yunƙuri na ƙarshe. Wasa 6 ke nan suka ci cikin 9, amma a duk 9 ɗin abokan karawa sun fi su cin yadi. Muna saukowa na lura mutane sun ci wasa amma fuska ba walwala sosai, kamar wanda ya tsallake rijiya da baya ya san gobe ma ta nan zai bi.

A gida, bayan magariba, aka baje gardamar a kan tuwon shinkafa. Hujjar yaron ita ce Canada mutumin wasan jami'a ne. A 2016, yana tsara wa Jami'ar Pittsburgh hari, ya yi suna da wata dabara ta sa mutum ya rugo a guje ta gaban mai jifa kafin a fara, a rikita masu tsaro, har suka doke Jami'ar Clemson 43 da 42 a shekarar da Clemson ta ɗauki kofin ƙasa. Amma abin da ke rikita ɗalibai ba ya rikita ƙwararrun da ke kwana suna nazarin bidiyo. Tun da aka ba shi aikin a 2021, ko sau ɗaya Steelers ba su ci yadi 400 a wasa guda ba, abin da sauran ƙungiyoyi ke yi ba tare da an yi biki ba. Jifa duk zuwa gefen layi, tsakiyar fili an bar ta kamar an hana. "Roethlisberger ya buga a ƙarƙashinsa, Trubisky ya buga, Pickett ya buga," in ji shi. "Mutum uku, Abba, ba wanda ta yi wa kyau."

Yaya ya bar shi ya gama, sannan ya ce gwani ko a hannun mugun malami za ka ga alamarsa. Jifan ci 6 a wasa 9, me za a ce da wannan? Yaro yana gudu daga inda babu mai korarsa, yana tsoron jefawa inda za a iya sacewa, kuma mutanen garin sun ƙi gani saboda ɗan jami'arsu ne. Yaron ya tuna masa daren 24 ga Disamba, 2022, kwana 4 da rasuwar Franco Harris, cikin matsanancin sanyi, da Pickett ya jefa wa George Pickens ƙwallon da ta ci Raiders saura sakan 46 a tashi. Ya ce duk sanda lokaci ya ƙure aka sakar masa mara, sai ya zama wani mutum daban. Yaya ya ce, "To, sauran mintunan ina yake zuwa?"

Amma na lura ba Pickett ne ainihin abin da ke damun Yaya ba. Ihun ne. Ya ce a watan Oktoba har a wasan ƙwallon ƙanƙara na Penguins, wasan da ba ruwansa da Canada, mutane sun yi ta rera a kore shi. "Mutum ne mai iyali, Auta. Ka tsaya a gaban dubban mutane suna kiran sunanka a raba ka da abincinka." Ya ce abin da ya sa ya so ƙungiyar tun farkon zuwansa haƙurinta ne: iyalan Rooney ke riƙe da ita tun 1933, kuma daga 1969 zuwa lokacin babban koci 3 kacal suka yi, Chuck Noll, Bill Cowher, Mike Tomlin, suka ɗauki Super Bowl, babban kofin wasan, sau 6. Ya ce gidan da ba ya korar mutum saboda surutun waje gidan mutunci ne. Na fahimce shi. Baƙon da ya yi shekaru yana aiki a ƙasar wasu ya san darajar maigidan da ba ya saurin juya baya.

Cikin makon suka zaga da ni gari. Mun hau wani tsohon keken dogo da igiya ke ja, Duquesne Incline, wanda ke aiki tun 1877, zuwa saman Mount Washington, inda ake hango mahaɗar kogunan da filin wasan kamar a tafin hannu. Mun yi Juma'a a cibiyar Musulunci da ke unguwar Oakland, kusa da jami'a, sahu ɗaya da Larabawa da 'yan Pakistan da baƙaƙen Amurka da 'yan Afirka ta Yamma. Wurin da ya fi taɓa ni Homestead ne. Nan wata babbar masana'antar ƙarfe ta attajirin nan Carnegie take da, aka rufe ta a 1986. Yanzu shaguna ne da gidajen abinci, sai dogayen bututan hayaƙi 12 da aka bari a tsaye a jere, ba hayaƙi. Yaya ya ce da masana'antun suka mutu dubban iyalai suka watse cikin Amurka neman aiki, abin da suka tafi da shi ƙungiyar nan ce, shi ya sa duk garin da Steelers suka je wasa za ka ga tawul rawaya. Sunan ƙungiyar ma daga ƙarfen aka samo shi. Tsaye a gindin bututan nan na daina mamakin zafin masu bugo waya a rediyo. Na tuna masaƙun Kaduna da na Kano da aka rufe, da mutanen da na sani da ba su sake miƙewa ba.

Ranar 19 ga wata wasan a Cleveland aka yi, a talabijin muka kalla. Aka ci Steelers 13 da 10, da bugun da aka yi saura sakan 2, kuma mai jifan Cleveland sabon shiga ne, Dorian Thompson-Robinson. Pickett ya tashi da yadi 106. Jaylen Warren ya yi wani gudu na yadi 74 har gida, amma sau 9 kacal aka miƙa masa ƙwallo a wasan gaba ɗaya. Kowa ya samu hujjarsa, kuma ba wanda ya yi murna da ita. Falon ya yi tsit har matar Yaya ta leƙo ta ce, "Ku tashi ku ci abinci, su can an biya su kuɗinsu."

Talata da safe, 21 ga wata, ina ɗakin ƙasa a kan ƙaramin keken matar Yaya ina rage wa amarya wata riga, sai na ji gudu a matakala. "Baffa! Baffa! An kore shi!" Yaron ne, waya a hannu, jikinsa na rawa, Canada yake nufi. Tun 1941 ƙungiyar ba ta taɓa sauya babban koci ko mai tsara wasa a tsakiyar kaka ba sai ranar. Aka ba Eddie Faulkner riƙon ƙwarya, Mike Sullivan kuma, kocin masu jifa, shi zai riƙa magana a kunnen Pickett. Da Yaya ya dawo aiki da yamma, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Allah Ya ba shi wani aikin da ya fi wannan." Ya ɗan yi shiru, ya dubi ɗansa: "Yanzu kuma mutuminka ba shi da inuwar fakewa."

A daren suka tambaye ni ra'ayina, na faɗa musu. Aikin tela ya yanka riga daidai jikin da ke gabansa. In mutum uku a jere suka dawo maka da ɗinki suna kukan wuri ɗaya, almakashinka za ka duba. A nan yaron ya fi uban gaskiya, korar ma ta makara, ko da yake ihun da aka yi ta yi wa mutumin bai yi mini daɗi ba, kuma har yau bai yi ba. Amma na san wani abu kuma. Akwai ranar da ake kawo maka yadi 4 a ce babbar riga ake so, duk gwanintarka ba za ka ƙirƙiro yadin da babu ba. Abin da ya dame ni shi ne an ɗauki saurayi a shekarun da hannu ke faɗawa, an damƙa shi ga tsarin da tun kafin zuwansa ake kuka da shi, aka bar shi nan kaka ɗaya da rabi, sannan aka zo ana tambaya ko yadin ya isa. Gudun nan da Yaya ke kuka da shi, da tsoron jefawa tsakiya, ai koyonsu ake yi. Na sha karɓar yaran da suka fara koyo a inda aka saba musu da yanka a karkace, kuma gyara su ya fi koyar da sabo wuya nesa ba kusa ba.

Alhamis aka yi hutun godiya na Amurkawa, muka ci talo-talo da miyar taushe. Asabar aka ɗaura aure. Hausawan da ke jihohin kusa suka zo, wasu tafiyar awa biyar a mota, zauren ya cika da shadda da ƙamshin turare, ga dusar sanyi a tagogi. Yaron ya shigo cikin kaftaninsa, kafaɗa ta zauna, hannu ya sauka inda ya kamata. Yaya ya yi kuka lokacin da aka shafa fatiha, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Lahadi, 26 ga wata, gida cike da baƙin da ba su tafi ba, aka kunna wasan Cincinnati. Yunƙurin farko-farko, Pickett ya ja baya ya sako ƙwallo ta tsakiyar fili, tsakiyar nan da aka ce an hana, Pat Freiermuth ya cafe, yadi 24. Yaron ya daka tsalle har ya zubar da shayin wani baƙo. Ranar Pickett ya jefa yadi 278, ƙungiyar ta tashi da 421, karo na farko da suka haura 400 bayan wasa 58 a jere. Suka ci 16 da 10. Yaron ya tsaya a gaban ubansa ya ce, "Kwana biyar, Abba. Kwana biyar kawai da tafiyarsa." Yaya ya ce, "Maki 16. Kuma mai jifansu Joe Burrow na jinya bai buga musu ba." Amma yana faɗa yana murmushi, ya jawo yaron ya zaunar da shi kusa da shi, suka ci gaba da musu kafaɗa na gugar kafaɗa. A mako ukun da na yi, ban ga abin da ke zaunar da su wuri ɗaya na awa uku ba sai wasan nan.

Na dawo Kano a ƙarshen watan, sauran labarin ta waya ya riƙa iso ni. Ranar 3 ga Disamba Pickett ya ji rauni a idon sawu a wasan Arizona, aka yi masa tiyata. Trubisky ya karɓa aka ci su sau biyu. Sai aka sako Mason Rudolph, wanda ke na uku a layi, da masu tsara harin nan dai, ya ci Cincinnati 34 da 11, ya ci Seattle, ya ci Baltimore. Pickett ya warke amma aka bar shi a benci. Wannan ya yi wa hujjar Yaya nauyi ƙwarai, kuma na amsa masa haka da ya kira. Suka gama kaka da nasara 10 da faɗuwa 7, Buffalo ta fitar da su 31 da 17 a watan Janairu.

Tsakiyar Maris na 2024, cikin azumi, shago ya cika da ɗinkin sallah har ba wurin taka ƙafa, wayata ta yi ƙara wajen sha ɗaya na dare. Mu mun sha ruwa tuntuni, su can suna jiran magariba. Yaron ne. "Baffa, sun ba da shi. Philadelphia." Steelers sun ɗauko wani mai jifa, Russell Wilson, Pickett ya tafi da jifan ci 13 da na sata 13, da nasara 14 a wasa 24 da ya fara. Wasa ɗaya cikakke ya samu bayan tafiyar Canada. Muryar yaron ta yi ƙasa sosai. Na jiyo Yaya daga nesa yana cewa a gaishe ni, kuma a gaya mini shi ma bai so ta ƙare haka ba.

Na tambayi yaron awon kayan sallarsa, domin akwai mai tafiya Amurka cikin makon. Ya ce wannan karon ya sa mahaifiyarsa ta auna shi da safe. Na maƙale wayar a kafaɗa, na jawo littafin awo daga ƙarƙashin tawul ɗin rawaya da ke rataye a ƙusa saman kekena, na ce ya fara daga kafaɗa. Ya ce 19 da rabi. Na rubuta.